Yadda malamin jami'a zai gina aikinsa a kan ba marasa lafiya murya a bincike

Babu wata tsangaya a jami'a da za ka shiga ka fito da shaidar cewa ka ƙware wajen shigar da marasa lafiya cikin sha'anin lafiyarsu. Duk wanda na sani a wannan fage ta wata ƙofa ya shigo. Wani daga likitanci, wata daga nazarin zamantakewa, wani kuma ciwo ne ya kwantar da shi shekara da shekaru, da ya samu sauƙi ya koma makaranta. Ni ta koyar da aikin jinya na shigo. Angela Coulter, wadda ta shugabanci Picker Institute Europe, cibiyar da ke nazarin yadda marasa lafiya ke ganin kulawar da ake ba su, daga 2000 zuwa 2008 kuma ita ce editar farko ta mujallar Health Expectations, ba likita ba ce, mai binciken tsarin kiwon lafiya ce. Kate Lorig ta Jami'ar Stanford, wadda ta tsara shirin koya wa masu doguwar cuta yadda za su kula da kansu, ma'aikaciyar jinya ce tun asali. Saboda haka ka riƙe fanninka na farko da kyau. Da shi za a ɗauke ka aiki, shi ne kuma zai sa a saurare ka ranar da ka tashi a taron sashe ka ce a ba marar lafiya kujera.

Tun daga farko ka rarrabe abubuwa uku da mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai marar lafiyar da aka ɗebi jininsa ko ya cike takardar tambayoyi, wannan a kansa ake binciken. Akwai wanda aka tara a zaure bayan an gama aka gaya masa abin da aka gano, wannan wayar da kai ne. Na uku shi ne wanda ya zauna tare da ku tun ana tunanin me za a bincika, ya sa baki a yadda za a yi, ya karanta sakamakon kafin a buga. Aikinka yana kan na ukun. Za ka sha jin abokan aiki suna cewa ai sun shigar da marasa lafiya, ka tambaya ka tarar hira suka yi da mutum talatin suka naɗi murya. Hira abu ne mai kyau, amma waɗancan talatin ɗin ba su yanke komai ba.

Ka san tarihin abin, domin za a ce maka yayi ne na masu ba da kuɗin bincike. A 1969 Sherry Arnstein ta zana tsani mai matakala 8 na yadda hukuma ke sa jama'a cikin al'amuransu, daga yaudara a ƙasa har zuwa riƙe ragama a sama. Ba kan asibiti ta yi magana ba, kan tsara birane da yaƙi da talauci a Amurka ne, amma har yau tsaninta ake ɗaukowa a fagenmu. A 1978 sanarwar Alma-Ata, wadda taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya a matakin farko ya fitar, ta ce mutane suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga cikin tsarawa da aiwatar da kiwon lafiyarsu. Waɗanda suka mayar da maganar aiki kuwa masu cutar ƙanjamau ne. A 1983 wasu daga cikinsu suka rubuta ƙa'idoji a taron birnin Denver suna neman a sa su a kowane mataki na yanke shawara. Ƙungiyar ACT UP ta masu fafutuka kan cutar ƙanjamau da aka kafa a 1987 ta karanci ilimin gwajin magunguna har ta riƙa ja da masana, daga baya kuma aka ba 'yan gwagwarmayar kujeru a kwamitocin da ke tsara gwaje-gwajen. Ba kyauta aka ba su ba, ƙwata suka yi. Hukumomi sun biyo baya ne da tsare-tsarensu na shigar da marasa lafiya cikin bincike: Birtaniya ta kafa a 1996 abin da ya zama INVOLVE, Amurka ta kafa PCORI a 2010, Kanada ta fito da tsarin SPOR a 2011.

Aikin farko na zahiri shi ne zama da sauraro, ba tare da takardar tambayoyi a hannu ba. Ka nemi ƙungiyar masu ciwon da kake son yin aiki a kansa, ka roƙi izinin halartar taronsu, ka je ka yi shiru. Kada ka je da wani shiri da kake son su sa wa hannu. Wata shida kana zuwa ba ka nemi komai ba, lokacin ne za a fara gaya maka gaskiya: cewa maganin da ake yabo yana hana barci, cewa ranar da ake ba mutum ta dawowa asibiti tana cinye masa yinin aiki guda, cewa matar da ke jinyar mijinta ba wanda ya taɓa tambayarta ita ya take. Masu jinya, wato iyaye da mata da 'ya'yan da ke ɗawainiya da marar lafiya, suna cikin mutanenka. Kada ka manta da su.

Daga nan sai babban batu, wanda duk sauran ke rataye a kansa: yaushe ne ka kira su. Idan tambayar bincike ta riga ta tsaya, an zaɓi abin da za a auna, an rubuta kasafin kuɗi, sannan aka kira marasa lafiya su duba ko Turancin takardar amincewa ya yi tsauri, to kwamitin jeka-na-yi-ka aka kafa. Ƙarfin wannan aiki yana wurin zaɓen tambaya da zaɓen ma'auni, kuma akwai hujjoji da ya kamata su zauna a bakinka.

Na farko, a shekarar 2000 Tallon da Chard da Dieppe suka buga wani nazari a mujallar Lancet kan ciwon gwiwa na zaizayewar gaɓa. Suka duba abin da masu bincike suka fi gwadawa, suka tarar magunguna ne suka mamaye. Da aka tambayi masu ciwon da masu duba su, sai ga shi suna son a binciki gashi da motsa jiki, da tiyata, da ilimantarwa, da dabarun zama da ciwon. Shekaru ana amsa tambayar da masu gwiwar ba su yi ba.

Na biyu ya fi burge ni. OMERACT taro ne na masana ciwon gaɓɓai da ya fara a 1992 don daidaita abin da za a riƙa aunawa a gwajin magunguna. Suna da jerinsu: yawan gaɓoɓin da suka kumbura, zafin ciwo, sakamakon gwajin jini da sauransu. A 2002 aka fara gayyatar marasa lafiya. Suka dubi jerin suka ce ina gajiya? Wata irin gajiya ce mai nauyi da ke kama mai ciwon kumburin gaɓɓai (rheumatoid arthritis), barci ba ya kawar da ita, kuma ga da yawansu ita ta fi hana su rayuwa. Manyan farfesoshi sun shekara goma suna zama, ba wanda ya sa ta a jeri. Aka koma aka yi bincike, aka samar da hanyar auna ta, a 2006 taron ya amince a riƙa auna gajiya a gwaje-gwajen wannan ciwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk sanda wani ya tambaye ni me marar lafiya zai koya wa ƙwararre, wannan labarin nake ba shi.

Idan kana neman tsarin da aka riga aka gwada, ka nazarci James Lind Alliance, wadda aka kafa a Birtaniya a 2004. Tana haɗa marasa lafiya da masu jinya da ma'aikatan asibiti su tattara tambayoyin da bincike bai amsa ba, a tace, a jefa ƙuri'a, a fitar da guda 10 mafi muhimmanci. Kamfanonin magunguna ba sa shiga zaɓen, haka ma mai binciken da ba ya duba marasa lafiya. A aikinsu kan ciwon asma, tambaya kan amfanin atisayen numfashi ta fito cikin goman, abin da ba kamfanin da zai zuba kuɗi a kansa, daga baya aka ba da tallafin gwada shi. Ga ƙaramin malami wannan hanya ce mai kyau ta farawa. Ba ta buƙatar ɗakin gwaji, tana haifar da maƙala, kuma tana ba ka jerin tambayoyin da za ka nemi tallafi a kansu shekaru masu zuwa, da hujjar cewa ba daga kanka ka ƙago su ba.

Wa za ka gayyata? Nan ake yawan zamewa. Wanda ya fi saurin amsa gayyata shi ne mai ilimi, mai lokaci, wanda ya yi ritaya, wanda ba ya jin tsoron farfesa. Irinsu suna da amfani ƙwarai, kada ka raina su. Amma idan su kaɗai ne a teburinka, ba za ka taɓa jin muryar wanda ba ya karatu ba, ko wanda ba ya jin harshen da ake taron da shi, ko matashin da ke ɓoye ciwonsa. Waɗannan ba za su zo ofishinka ba, kai za ka je inda suke, a lokacin da ya yi musu. Kuma kada ka taɓa sa marar lafiya guda ɗaya tilo a kwamitin da ke cike da likitoci. Aƙalla biyu, uku ya fi. Mutum ɗaya ko ya yi shiru, ko a riƙa kallonsa kamar shi ne bakin duk masu ciwon duniya.

Za a jefe ka da tambayar wakilci: mutum huɗun nan wa suke wakilta? Amsata ita ce ba samfurin ƙididdiga ba ne su, abokan shawara ne. Masanin lissafin da ke cikin tawaga ma ba wanda ya tambaye shi ko yana wakiltar duk masana lissafi.

Zaman taron kansa yana da dabaru ƙanana da ke yanke hukunci. Ka aika takardu mako guda kafin ranar, a taƙaice, cikin magana ta yau da kullum. Ka zauna da marasa lafiyan rabin sa'a kafin sauran su iso, ku bi ajanda tare. A hana gajerun haruffan nan da masana ke jifan juna da su, wanda ya furta ya fassara. Ka fara ba marasa lafiya dama su yi magana kafin babban likita ya buɗe baki, domin da zarar ya faɗi ra'ayinsa an gama, sauran sai gyaɗa kai. Ni a taron da nake jagoranta sunaye kawai ake kira, a ajiye muƙamai a bakin ƙofa, ko da yake wasu manyan sai sun ɗan ɓata rai kafin su saba. A yi hutu, a duba ko keken guragu zai shiga ɗakin, kada taro ya wuce sa'a biyu. Wanda jikinsa ya hana shi fitowa a ba shi damar shiga ta waya ko ta intanet. Kuma a samu wani da zai kira mutum washegari idan an taɓo abin da ya sosa masa rai, domin kai bayanai kake tattaunawa, shi kuwa rayuwarsa ce aka baje a tebur.

Batun kuɗi kada ka ji kunyarsa. Kowa a ɗakin albashi yake karɓa don zaman da yake yi, ban da wanda aka ce don shi ake taron. Ka sa ladan lokacinsu da kuɗin mota da na wanda zai rako su cikin kasafi tun daga farko. Hukumar NIHR, mai ba da kuɗin binciken lafiya a Birtaniya, tana da jagora a rubuce kan wannan, ka duba ta ko da ba a can kake ba, ka daidaita da inda kake. Kuɗin mota a biya a ranar, kada a ce mutum ya cike fom ya jira wata uku, wannan kaɗai ya kori mutanen kirki da yawa. Yaƙinka na gaske a nan da ofishin kuɗi na jami'a ne, wanda tsarinsa ya san ma'aikaci ya san ɗan kwangila amma bai san wannan mutumin ba. Ka je da kanka ka zauna da su kafin tallafi ya iso. Wasu marasa lafiyan za su ce ba sa so a biya su, wani don yana karɓar tallafin gwamnati da ƙarin kuɗi zai iya taɓawa, wani don yana ganin sadaka yake yi. A mutunta zaɓinsa, amma a yi tayin.

Kan kwamitin ɗa'a, a Birtaniya galibi ba a neman amincewarsa don zama da marasa lafiya a matsayin masu ba da shawara, tunda ba a kansu ake bincike ba. Wasu wuraren ba haka suke ɗauka ba. Ka rubuta wa kwamitin wurinku ka samu amsa a rubuce ka ajiye.

Ranar da ra'ayinku ya saɓa ita ce ranar gwaji. Wani lokaci su ne da gaskiya, ka canza. Wani lokaci abin da suke so zai lalata ingancin binciken, misali su ce a bar kowa ya zaɓi rukunin da zai shiga a gwajin da dole sai ƙuri'a ta raba mutane. A nan ka yi bayani har a fahimta, ka ƙi cikin ladabi, ka faɗi dalili. Abin da ba a yafewa shi ne a karɓi shawara a yi godiya, sannan shiru. Ina ajiye takarda mai gida uku a kowane aiki: me suka ce, me muka yi, don me. Ana karanta ta a farkon kowane taro. Ita ke riƙe mutane, kuma ita ce za ta cece ka ranar rubuta rahoto.

Abin da ke faruwa idan an yi watsi da mutane ma ka san shi. A 2004 aka dakatar da gwajin maganin tenofovir na rigakafin ƙanjamau a Kambodiya, a 2005 aka dakatar da irinsa a Kamaru, bayan ƙorafin cewa ba a yi shawara ta gaskiya da matan da za a gwada maganin a kansu ba, kuma ba a fayyace kulawar da za a ba wadda ta kamu ana cikin gwaji ba. Maganin kuwa daga baya an tabbatar yana kariya. Wannan ne ya sa UNAIDS, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyar AVAC mai fafutukar rigakafin cutar suka fitar da ƙa'idojin tafiya da al'umma a gwaje-gwajen rigakafi a 2007.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika gaya wa matasa ba. Jami'a maƙala take ƙirgawa da tallafi da ɗaliban da ka yaye. Sa'o'in da ka ɓatar kana kiran mutane a waya, kana bin takardar biyansu, kana zuwa gaisuwar wanda aka kwantar, babu gurbinsu a fom ɗin ƙarin girma. Na ga mutane masu kirki sun shekara goma suna wannan hidima wa ayyukan wasu, sunansu yana can tsakiyar jerin marubuta, sa'o'insu sun zama farfesoshi sun bar su. Maganin abin shi ne ka mayar da aikin kansa ilimi. Duk abin da ka yi ka rubuta shi yadda wani zai iya maimaitawa ko ya soka. Akwai jagorar GRIPP2 da Sophie Staniszewska ta Jami'ar Warwick da abokan aikinta suka fitar a 2017 don ba da rahoton irin wannan aiki, gajeriyarta abu biyar kawai take nema. Akwai mujallar Research Involvement and Engagement da ta fara a 2015, inda marasa lafiya ke cikin editoci da masu tantance maƙala. Mujallar likitanci ta BMJ tun 2014 ta ɗauki tsarin aiki da marasa lafiya, tana neman masu bincike su bayyana ko sun shigar da su da kuma yadda suka yi. Wuraren bugawa suna nan. Sai dai kada ka tsaya a mujallun fagen kaɗai, ka riƙa bugawa a manyan mujallun fanninka na asali, don a can masu yanke maka hukunci ke karatu.

Ka kuma koyi hanyoyin bincike sosai, na hira da na ƙididdiga duka. Masu sukar fagenmu suna cewa yabon kai ya yi mana yawa, hujja ta yi kaɗan, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Rahotanni da yawa ba su wuce an yi taro kowa ya ji daɗi ba. Hujjar da ke akwai ka faɗe ta daidai girmanta. Nazarin da Joanna Crocker da abokan aikinta suka buga a BMJ a 2018, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna shigar da marasa lafiya yana ƙara yawan masu yarda su shiga gwaji, ƙari matsakaici, kuma ya fi ƙarfi idan waɗanda aka shigar suna fama da ciwon da ake bincike a kai. Kada ka ƙara masa gishiri. Ni dai ko ba wannan sakamakon ina ganin haƙƙi ne, tunda jikinsu ne kuma galibi da kuɗin jama'a ake binciken, amma kwamitin tallafi lamba yake so ya gani.

Marar lafiyar da ya taimaka wajen tsara aiki, ya karanta daftari ya gyara, ya amince da na ƙarshe, ya cika sharuɗɗan zama marubuci kamar kowa. A sa sunansa. Amma ka zauna da shi tukuna ka bayyana masa cewa sunansa zai zauna a intanet har abada kusa da sunan ciwon. Wasu za su ce a sa, wasu su ce a bar su a godiya kawai, ko a ɓoye su gaba ɗaya.

Koyarwa ma fage ce. Ka kawo marar lafiya aji a matsayin malami, a biya shi kamar baƙon lakcara, ya sa baki a tambayoyin jarrabawa idan tsarin makarantarku ya yarda. Ɗaliban digiri na uku da ke ƙarƙashinka kowa ya samu abokan shawara biyu daga masu ciwon tun shekarar farko.

Da sunanka ya fara fita, abokan aiki za su riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa saura kwana biyar a rufe karɓar takardun neman tallafi, suna cewa ka ara musu marar lafiya guda ya sa hannu, ko ka rubuta musu sakin layin nan da fom ke nema. Kada ka ba da lambar wayar kowa, mutanen nan amana suka ba ka. Ka gaya wa abokin aikin cewa a wannan zagaye ya rubuta gaskiya, wato bai yi shawara da kowa ba tukuna, ga kuma abin da zai yi da kuɗin da ya ware idan an ba shi. Idan yana so ka shiga, ka shiga a matsayin cikakken abokin bincike, da kason lokacinka a rubuce cikin kasafi, kuma zagaye na gaba ya zo maka wata shida kafin ranar rufewa.